Rariyar Haske da Gefen Mayafina

Ƙarar waya ce a cikin kwano. Na saba jefa wayata cikin wani tsohon kwanon samira a bakin taga, saboda in ta fara rawar nan tata kwanon kan ɗauka, in ji ko ina madafi. Ranar ina zaune ina ɓarar gyaɗar iri sai kwanon ya hau ƙara. Daga nan komai ya fara.

Tun da na dawo, matan Islamiyyarmu da 'yan ajinmu na sakandare ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce yaya jirgi, waccan ta ce wai da gaske ne na leƙa na ga taurari. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ne na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da ba na son faɗa.

Mai kiran 'yata ce ta fari. Ba zan rubuta sunanta ba, don a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, haka na tashi na gani. Zan riƙa ce mata Maman Husna. Ranar da aka yaye ta, yayar mijina Malam, da muke kira Gwaggo, ta goya ta ta tafi da ita unguwar Bacirawa a Kano. A can ta yi wayo, a can ta yi karatu har jami'a. Gwaggo ce ta yi mata kitso, ita ta yi mata jere a Rijiyar Zaki, ita ta yi mata wankan jego da ta haifi Husna. Ni nawa kallo ne daga nesa, da addu'a bayan kowace salla. In ta zo hutu takan durƙusa ta gaishe ni, in amsa idona na kan tukunya.

Shekara uku ke nan ita da mijinta suna Afirka ta Kudu, a birnin Cape Town, tana karatun digiri na uku a kan taurari. Gwaggo kuwa Allah ya karɓi abarsa bara.

Bayan mun gaisa ta ce, "Inna, likita ya ce saura wata uku."

Na ce Allah ya raba lafiya. Can ta ce, "Gwaggo kuma ba ta nan."

Muka yi sallama. Da Malam ya dawo daga kai taki gona na gaya masa. Ya wanke ƙafa, ya zauna, ya ce, "To, ai kin ji kira."

"Ni? Ni da ko kitso ban taɓa yi mata ba?"

Ya ce, "Sai ki fara da wanka."

Abin da ya kai ni ke nan. Sau ɗaya a rayuwata in yi wa yarinyar nan wani abu da hannuna, kuma ya amfane ta.

Neman takardu shi ma tafiya ce. Ƙanina Alhaji Sabo ne ya yi ta jigila da ni: babur daga ƙauyenmu zuwa Minjibir, mota zuwa Kano don fasfo da katin rigakafi, sannan Abuja har sau biyu don biza. Malam ya je ya tambayi liman hukuncin tafiyar mace ita kaɗai. Liman ya ce tunda ƙanina zai sa ni a jirgi, surukina ya tarbe ni, kuma a tsakani ina cikin amintattun mutane, in tafi. Maƙwabta kuwa kowa da abin da ta kawo. Kanwa, surfaffen gero, daddawa, kuka, yajin jego, kilishi, busasshen ganyen darbejiya na wanka, turaren wuta. Alhaji Sabo ya ɗaga jakar ya ce, "Yaya, wanka za ki je ko buɗe shago?"

Ran da na tafi gero ya fara kai gwiwa. Malam ya raka ni har bakin titi. Bai ce komai ba sai, "Ki gaishe su," sannan ya juya da sauri wai ya bar 'yan noma a gona.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata mai fataucin atamfa, Hajiya Binta, za ta ƙasar Sin. Ita ta ɗaura mini bel, ita ta ce in haɗiyi yawu da kunnena ya toshe. Tana ta ce mini Hajiya, na ce ban sauke farali ba tukuna. Ta ce, "Wadda ta hau jirgi ai ta ci rabin hanya." A Addis Ababa, inda za mu sake jirgi, na shiga yin alwala na rasa kan famfo. Na murɗa nan, na danna can, ba ruwa. Hajiya Binta ta leƙo ta ce, "Miƙa masa hannu kawai. Wannan sai an roƙe shi yake bayarwa." Ta kai ni har ƙofar da zan shiga, ta damƙa ni a hannun wata ma'aikaciya kamar ajiya, muka rabu. Ko lambarta ban karɓa ba. Allah ya saka mata da alheri duk inda take.

Da muka sauka aka shiga layin duba takardu. Wata baƙar mace ƙatuwa ce a kan teburin. Ta tambaye ni wurin wa na zo, na lalubo Turancin sakandare na ce wurin 'yata. Ta ce, "Yaya sunanta?"

Na nuna mata wasiƙar gayyata. Ta ce ta gani, daga bakina take so ta ji. Mutane na bayana suna jira. Na ce mata 'yar fari ce, a garinmu ba ma faɗa. Ta zuba mini ido. Na ce a raina yau za a mai da ni Kano. Sai na ga ta yi murmushi, ta ce su ma a ƙauyensu matar aure ba ta kama sunan uban mijinta, kakarta har ta mutu ba ta faɗa ba. Ta turo mini biro da takarda ta ce, "To rubuta, Mama." Na rubuta. Ta buga hatimi.

Ban gama hamdala ba sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata. Na ja da baya ina tattare hijabi. Ashe ma'aikaci ne, har da rigarsa. Aka buɗe jakar. Kilishi ya tafi, daddawa ta tafi, ganyen darbejiya ya tafi, geron ma suka ce iri ne, ba ya shiga. Kanwa ce ta fi tsayar da su. Mutum uku suka kewaye ta suna shinshina. Na gutsira na sa a baki, na yi musu alamar mai shayarwa. Suka tafi da ita wani ɗaki, can suka dawo mini da ita. Ita da yaji da kuka da turare ne suka tsira.

A waje surukina, Baban Husna, ya durƙusa har ƙasa a gaban Turawa ya gaishe ni, ya ce an sauka lafiya kwana huɗu da suka wuce, namiji. Husna, 'yar shekara biyar, ta leƙo daga bayansa ta ƙare mini kallo ta ce, "Ke ce Kaka? A waya kin fi kyau."

Na ce, "Ke ma a waya kin fi kunya."

Mu a gida damina, su a can hunturu ne, amma hunturu mai ruwan sama da iska. Gidan ɗaki biyu ne da falo, a hawa na uku, ba tsakar gida, ba inda mutum zai tsaya ya ga ƙasa. Da na shimfiɗa sallaya na fuskanci inda na ga rana ta fito, Husna ta zo ta juya ni wajen arewa. Wai a can alƙibla ba gabas take ba. Na kwana biyu ina salla zuciyata na gaya mini na karkace.

Zama da suruki a gida irin wannan sai wanda ya gani. Kafin ya fito daga ɗaki sai ya yi gyaran murya, ni kuma in shige kicin. Rannan muka yi kiciɓis a kicin ɗin, yana sanye da rigar girki yana soya ƙwai. Shi ya kalli silin, ni na kalli ƙasa, ƙwan ya ƙone.

Maƙwabciyarsu wata dattijuwa ce Musulma 'yar asalin garin, Anti Rashida. Ita ta samo mini ganyen zaiti a madadin darbejiya, ta kai ni shagon wasu 'yan Afirka ta Yamma na sami gero. Ran suna, bisa al'adarsu, su Anti Rashida suka kwantar da jaririn a kan faranti da aka ƙawata da furanni, aka zagaya da shi ana salati, aka lasa masa zaƙi. Rago kuwa a can gida Malam ya yanka, mu sai hotonsa muka gani. Sunan Malam aka sa wa yaron, wani sunan da ba na iya faɗa, sai muke ce masa Amir. Abincinsu ba laifi, sai dai sukan sa zabibi da sukari a nama. Na ci don kara. Amma akwai wani fanke mai kayan ƙamshi da kwakwa da Anti Rashida ke kawowa duk Lahadi da safe, wannan kam har yau ina tuna shi.

Turaren wuta sau ɗaya na kunna. Wani abu mai jin hayaƙi a silin ya ɗauki ihu, maƙwabta suka fito. Daga ranar sai a bakin taga.

Da yake ban saba yi wa Maman Husna magana kai tsaye ba, sai na mai da jaririn ɗan aike. Ran da na fara yi mata wanka, ina tsoma ganye a ruwan zafi ina faɗa mata a baya, hannuna ya taɓa wani tabo a kafaɗarta wanda ban san da shi ba. Ban tambaya ba. Da muka fito na ɗauki yaron na ce, "Amir, ka gaya wa uwarka ba fita sai an yi arba'in. Sanyin garin nan ba na mai jego ba ne."

Ta kalli mijinta, ya kalli silin. Ta ce, "To, Inna."

Bayan kwana biyu malamarta ta zo, wata tsohuwar Baturiya mai gajeren gashi. Farfesa ce, amma gatsau suke kiran sunanta. Ta kawo fitila, da 'yar kyamara, da ƙananan akwatuna uku. Suka share teburin cin abinci suka jera. Da ta tafi na ce, "Amir, tambayi uwarka mene ne wannan."

Ita ma sai ta amsa wa Amir. Ta ce can cikin hamada, a kan dutse, akwai babban madubin hangen taurari. Ba a leƙa shi da ido, ga amsar masu tambayata. Hasken da ya tattaro ake zubawa cikin wata na'ura da su suke ƙerawa, ita kuma ta warware shi launi-launi kamar bakan gizo. A cikin launukan akwai siraran baƙaƙen layuka, da su ake gane abin da ke cikin tauraro, ko ƙarfe ne ko wani abu, da ma tsufansa. Abin da ke warware hasken shi ne a cikin akwatunan. A Turance giretin suke ce masa.

Ta sa safar hannu ta buɗe ɗaya. Ɗan gilashi ne kamar kwalin ashana, fuskarsa na walƙiya da launuka irin na bayan faifan sidi da ake ratayewa a gonar gero don korar tsuntsaye. Ta ce zane ne a jikinsa, layi-layi, ido ba ya gani. A faɗin da bai kai ƙwayar gero ba, ɗaya na da layi ɗari shida, ɗaya ɗari tara, ɗaya dubu da ɗari biyu. Mai ƙarancin layi yakan ba da bakan gizon gaba ɗaya, da haske sosai, amma siraran layukan sukan cakuɗe. Mai yawan layi yakan baje launin har a ga kowane layi daban, sai dai ɗan yanki kawai yake nunawa, kuma hasken kan raunana, sai an daɗe ana jira.

Na manta da ɗan aike na ce, "Ashe rariya ce. Ta tuwo daban, ta kunun jariri daban. Mai laushin ta fi kyan gari, amma sai kin yini kina tankaɗe."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ban taɓa ba ta dariya ba sai ranar.

Na'urar gurbi biyu gare ta. An riga an ba mai ɗari shida gurbi ɗaya, don kowa na amfani da shi. Na biyun ake ja-in-ja a kai. Taurarinta tsofaffi ne, alamominsu na ɓangaren shuɗi, kuma a matse suke, don haka mai dubu da ɗari biyu take so, wanda aka karkata zanensa wajen shuɗin. Abokan aikinta kuwa mai ɗari tara suke so, mai ƙarfi a ɓangaren ja. An sa ranar zama, kwana ashirin da biyar bayan haihuwarta, don masu ƙerawa sukan ɗauki watanni. In ba ta zo da awon da ya nuna nata na mayar da isasshen haske ba, za a ɗauki ɗayan, aikinta na shekara uku ya tsaya. Waɗannan ƙananan samfuri ne. An kawo su gida ne kawai don ni na hana ta fita.

Kullum sai na ji ta ɗaga murya tana ce wa Husna, "Kar a taɓa gilashin nan. Kowa da kowa, ko da yatsa." Sai daga baya na gane da ni take. Ina za ta iya kallon idona ta ce kar ki taɓa? Ni kuwa na ɗauka maganar yara ce, masu hannun alewa.

Ran kwana goma sha takwas, da hantsi, tana tsakiyar awo Amir ya tsala kuka. Ta shiga ɗaki shayar da shi, barci ya ɗauke ta, akwati ɗaya a buɗe. Ina share falo na hango 'yar ƙura a fuskar gilashin, ɗigo biyu ko uku. Na ce yarinyar nan ba ta da lokacin kanta, bari in rage mata. Na wanke hannu da sabulu. Na ɗauka a hankali, na hura masa numfashi, na goge da gefen mayafina, yadda nake goge tabaran Malam shekara da shekaru.

Launin ya dushe a inda na bi. Na ce ko danshi ne, na ƙara gogewa. Sai ga sawu ya fito fari, daga wannan gefe zuwa wancan.

Husna na tsaye a bayana. A hankali ta ce, "Kaka, kin taɓa."

Uwar ta fito. Ta karɓa, ta karkata shi wajen taga, ta daɗe tana dubawa. Mai dubu da ɗari biyun ne, awonsa ko rabi bai kai ba. Ta mai da shi akwati ta rufe, ta ce, "Ba komai, Inna." Ta shiga banɗaki ta saki famfo. Ruwan ya daɗe yana zuba.

Da Baban Husna ya dawo ya tsaya a ƙofar kicin, fuskarsa na kallon bango, ya yi mini bayani. Zanen ya fi fatar ƙwai laushi, ko auduga ba ta taɓa shi, ƙurar ma da iska ake hure ta. Wanda aka goge ya tafi ke nan. Na ce babu wani? Ya ce akwai babbansa da masu ƙerawa suka ba da aro, amma yana wurin aikinsu, a ɗakin da ba a fitar da komai. Awonsa zai ci kwana uku cur. Ya ce, "Ta ce kar a gaya miki, Inna. Ta ce kin riga kin yi magana a kan fita."

Na kira Malam ina kuka. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Arba'in ɗin nan farilla ce?"

Na ce al'ada ce, amma sanyi fa? Ya san ƙanwata sanyin jego ne ya kwantar da ita shekara guda.

Ya ce, "To ki zaɓa mata wanda za ta iya warkewa daga gare shi."

Bayan la'asar na ɗauki Amir, na tsaya a ƙofar ɗakinta na ce, "Ka gaya wa uwarka gobe da asuba za a yi wanka. Ta sa safa biyu da rigar sanyi biyu. Ni da kai za mu raka ta."

Haka muka yi kwana uku. Wanka da asuba, ruwan na tururi, sannan mota. Ni na zauna a wani dogon baranda da Amir a baya, da fulas ɗin kunun kanwa a gefe. Duk bayan awa biyu ta fito ta shayar da shi, in tsiyaya mata kunu, ta shanye a tsaye ta koma. Ma'aikatan wurin suka saba da ni. Wani dogon saurayi mai kitso ya roƙi kunun ya ɗanɗana, na ce na masu shayarwa ne, abokansa suka yi ta yi masa tsiya har muka bar wurin.

Farfesa ta zo ta zauna kusa da ni a rana ta biyu. Na haɗa Turancin da zan ba ta haƙuri, ta ɗaga babban yatsanta ta ce da wannan ta kashe nata gilashin na farko tana ɗaliba, kuma ya fi wanda na goge girma sau goma. Ta ce duk wanda ke cikin ginin nan ya taɓa ɓata ɗaya, yanzu na zama 'yar gida. Ta karɓi Amir, ta sa aka saka mini farar riga a kan hijabi, da hula, da safar takalmi, kamar mai shiga ɗakin tiyata, aka shigar da ni.

Ɗakin ba taga, ba ƙura ko ɗigo. Na tuna yadda nake alfahari da sharar tsakar gidana. Maman Husna na tsaye a gaban wani dogon tebur, ido kawai ake gani. Ta kashe wutar ɗakin, ta kunna fitilar awo, sai ga shuɗi ya kwanta a jikin farin kati, daga mai duhu har zuwa mai ruwan sararin sama. Sannan ta nuna mini hoton hasken wani tauraro a kwamfuta, da baƙaƙen layukansa. Ta sa yatsa a kan ɗaya ta ce, "Wannan ƙarfe ne, Inna. Irin na tukunyarki." Ta ce hasken ya baro can tun ba a kafa garinmu ba. Na yi tasbihi a cikin hular nan. Hannuwana kuwa a baya na harɗe su har muka fito.

Ran zaman ma na raka ta. Ƙofar ɗakin taron ba ta rufu sosai ba. Na ji maza biyu suna magana da zafi, ɗaya na cewa nata gilashin zai cinye musu lokacin madubi. Sai na ji wata murya ta katse shi, tana jero lissafi ba gargada, tana bugun tebur da yatsa. Na ɗan jima kafin na gane muryarta ce. Ni ban san ta da murya ba sai ta gaisuwa. Na rungume Amir ina ta karanta duk abin da ya zo bakina.

Ta fito nono ya jiƙa gaban rigarta. Ta karɓi yaron ta zauna, ta ce masa, "Amir, ka gaya wa Inna sun yarda."

Muka koma gida na ci gaba da wanka, safe da yamma, har muka cika arba'in, na ƙara mata huɗu a madadin waɗanda ta fita. Sanyi bai kama ta ba, alhamdu lillahi. An kwashe fitila da akwatunan daga tebur, muka koma cin abinci a kai. Amma abin bai bar raina ba. Na zo in taimaka, na jawo mata kuka da fita cikin ruwa da ɗanyen jiki. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Amir, ka roƙa mini uwarka gafara." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Amir, ka ce wa Inna kununta zai huce." Ban san ko ta yafe ba ne, ko kara ce irin wadda Gwaggo ta koya mata. Na yi ta juya maganar har ranar tafiya.

Da safen ina ɗaure kaya, Maman Husna na kicin tana zuba mini fanken Anti Rashida a roba, Husna ta zo ta haye kan akwatina ta zauna.

Na ce, "Sauka, sarkin surutu, kar ki fasa mini tsaraba."

Ba ta sauka ba. Ta leƙa ƙofa, ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Kaka, kin san gilashin da kika ɓata? Ba a jefar ba. Yana cikin akwatin 'yan kunnen Mama. Na ce ta ba ni in yi wasa da shi, ta hana. Ta ce kar kowa ya taɓa, hannun Innarta ne a jiki."